Godiya ga waɗanda suka warware mini matsalar rabon RAM a BIOS

Alhamdulillahi, manhajar zanen da ta daɗe tana ƙin buɗewa a kwamfutata, bisa ƙorafin cewa ma'adanar sashen hoto ba ta isa ba, yanzu tana aiki lafiya. Ya zama wajibi in fito fili in gode wa bayin Allah da suka tsaya mini har aka kai ga haka.

Godiya ta farko ga injiniyan da ya zaunar da ni ya fahimtar da ni tushen matsalar kafin a taɓa komai. Ya bayyana mini cewa sashen sarrafa hoto da aka gina a cikin furosesa ba shi da ma'adana tasa ta kansa, daga RAM ɗin kwamfuta, wato ma'adanar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, yake cin rabonsa, kuma a cikin BIOS, wato shafin saitin tushe na kwamfuta, ake yanka masa kason da za a keɓe tun kafin Windows ta tashi. A yawancin kwamfutoci ana shiga wurin ne ta danna maɓallin Del ko F2 lokacin kunnawa, sannan a adana canji da F10. Masu furosesar AMD kan sami wannan saiti da sunan UMA Frame Buffer Size, masu Intel kuma DVMT Pre-Allocated, kodayake kwamfutocin tafi-da-gidanka da dama ba sa nuna shi ko kaɗan.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idona shi ne bai yarda a zaɓi adadi mafi girma ba. Duk abin da aka keɓe a BIOS an cire shi ke nan daga hannun sauran manhajoji, ko ana amfani da shi ko ba a yi. Mai RAM na 8GB idan ya keɓe 2GB, kusan 6GB ne zai rage masa. Ga shi kuma Windows da kanta tana iya ara wa sashen hoto har kusan rabin RAM idan buƙata ta taso, ta karɓe abinta bayan an gama. Saboda haka muka ɗaga kason daidai gwargwadon abin da manhajar ke dubawa kafin ta buɗe, muka tsaya a nan.

Ina kuma gode wa 'yar'uwar da ta lura cewa RAM guda ɗaya ne a cikin na'urar, alhali akwai gurbi na biyu babu komai a ciki. Ta nuna mini cewa girman kaso ba ya ƙara sauri, abin da sashen hoto ya fi buƙata shi ne faɗin hanyar da bayanai ke bi, kuma RAM biyu masu girma da sauri iri ɗaya suna buɗe hanya biyu a maimakon ɗaya. Da aka saka na biyun ne zane ya daina sarƙewa idan ina juya shi.

Malam Injiniya, da ke 'yar'uwa, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku basira, ya sanya albarka a cikin sana'arku.