'Yan tsaki sun fito: ashe ma'aunin danshi ne ke yi mini ƙarya

'Yan uwa masu koyon ƙyanƙyasa da inji, yau kam ina da bakin magana. Ƙwan da na zuba wannan karon mafi yawansu sun ƙyanƙyashe lafiya lau.

Waɗanda muka jima tare sun san abin da ya sa na bar cikin gari na dawo ƙauyen nan na gefen birni: ga fili, ga shiru, kuma zakara zai yi cara son ransa babu maƙwabcin da zai ɓata rai. Aiki dai yana birni, kullum sai na fita da sassafe na dawo bayan magariba, inji kuwa shi kaɗai yake wuni. Shi ya sa duk lokacin da ƙwai ya lalace sai in ɗora wa wutar lantarki laifi, don a nan idan aka ɗauke ta sai an ga dama ake dawo da ita. Na sayi batir da farantin sola, aljihu ya ji a jikinsa, amma ba ta sauya zani ba. Zafi na tsaye a digiri 37.5, juyin ƙwai yana tafiya daidai, a daina juyawa a rana ta 18, sai rana ta 21 ta zo ɗan tsako ya tsaga ɓawo ya tsaya cak. Ka ɓare a hankali ka tarar da shi cikakke, gashi da komai, tantani ya bushe ya manne masa kamar leda. Wallahi wannan ya fi ƙwan da bai ɗauka ba ciwo.

Ma'aunin danshin da ya zo da injin kuma yana ta nuna mini kashi 65 zuwa 70, abin da ake so a kwana ukun ƙarshe. To me ya rage? Sai na gwada shi da gishiri. Ka zuba gishiri a murfin kwalba, ka ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, ka sa shi tare da ma'aunin a cikin roba mai rufuwa ruf, ka bar su su kwana. Iskar ciki dole ta tsaya a kashi 75. Nawa ya haura 85. Ke nan duk tsawon lokacin nan ƙwai na cikin bushewa, allo yana ce mini komai lafiya.

Yanzu na rubuta bambancin a takarda na manna a jikin injin. Na kuma gane cewa faɗin ruwa ke kawo danshi, zurfinsa ba ya ƙara komai, don haka na cire kofin na sa faranti mai faɗi da soso a ciki. Sannan na koma ga sikeli, shi ba ya ƙarya: ƙwan kaza ya kamata ya rage wajen kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa kafin rana ta 18. In ya zarce haka bushewa ta yi yawa, in bai kai ba danshi ya yi yawa, gurbin iskar da ke cikin ƙwan zai yi ƙanƙanta. Tocila ma tana nuna wannan gurbin sarai a ɗaki mai duhu.

Sai kuma hannu. Da zarar an fara tsaga ɓawo, kowace buɗewar injin tana kwashe danshin cikin ɗan lokaci. Na zura ɗan siririn tiyo ta ramin shan iskar injin, ina ƙara ruwa mai ɗumi da sirinji daga waje, murfi ba ya motsi. A ganina wannan tiyon ya fi batir ɗin amfani, ko da yake ba na son in tuna abin da na kashe a kansa.

Damuwata yanzu ɗumama 'yan tsakin ce. Makon farko suna son zafi wajen digiri 35, fitilar ɗumama su kuma tana zuƙe batir kafin asuba, ga daren ƙauye da sanyi fiye da na cikin gari. Wanda ya taɓa riƙe su da kwalbar ruwan zafi ko tukunyar gawayi ba tare da hayaƙi ya taɓa su ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya tsara akwatin.