Zagayawa da baƙi cikin birnin Kano: abin da aikin ke koyarwa

Duk wanda ya daɗe yana rakiyar baƙi cikin birnin Kano ya san abin da ke ɓata ziyara: isa wurin da ya dace a lokacin da bai dace ba. Birni ne da mutane ke zaune a ciki, suna salla, suna ciniki, suna zaman makoki, don haka agogonsu za a bi.

A fara da dutsen Dala, kafin ƙarfe 8 na safe. Babu inuwa a samansa, kuma wanda ya hau matakalarsa da rana tsaka a watan Afrilu ba zai ƙara amfanuwa ba sai gobe. Daga can ake nuna wa baƙo Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci, ya riƙe taswirar gari a ka kafin lunguna su ruɗa shi. Da hunturu kuwa hazo kan rufe komai, sai a jinkirta zuwa hantsi. Labarin Barbushe, jagoran mazauna Dala na dā, da abin bautarsu Tsumburbura a nan ake bayar da shi, amma a ce "haka aka rawaito", kada a yi ta rantsuwa a kai.

Badala ita ce inda mai rakiya ya fi jarabtuwa da ƙari. An fara ta zamanin Sarki Gijimasu, wajen 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. To amma ƙofofi da yawa da ake gani yau sabon gini ne na siminti, an rushe na asali saboda faɗaɗa titi. Idan aka nuna wa mai ilimi siminti aka ce masa shekara ɗari biyar gare shi, duk abin da aka faɗa bayan nan ya zama abin shakka. Gara a kai shi inda ragowar ginin ƙasa ke tsaye, a yi masa bayanin abin da ke cin ta: ruwan damina ba tare da yaɓe ba, masu ɗibar ƙasar gini, da gidajen da ke matsowa jikinta. A Ƙofar Kabuga ne ake kawo zancen shigowar Turawa a 1903.

Gidan Makama, Gidan Rumfa da Babban Masallaci suna kusa da juna, a ajiye mota a taka. Gidan Makama gidan tarihi ne, ana shiga, kuma a nan za a ɗaga kai a ga rufin ɗaki na gargajiya, wato daurin guga da azara. Gidan Rumfa kuwa fada ce mai sarki a ciki, ba a kutsawa sai da izini, in babu a tsaya a Ƙofar Kudu. Masallacin na yanzu ginin zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, ko da yake gurbinsa tsoho ne. Ranar Juma'a daga hantsi titunan wajen sukan cika, kada a sa wannan yanki a tsarin ranar sai in sallar za a yi.

Batun maƙabartun waliyyai da tsofaffin masallatai irin na Madabo, unguwar da ake dangantawa da Wangarawan da suka zo zamanin Sarki Yaji, yana bukatar tambaya tun a mota. Wani baƙon ziyara ta kawo shi, zai so a ba shi lokaci ya yi addu'a. Wani kuma ba ya ra'ayin hakan sam. Aikin mai rakiya ya yi sallama, ya nemi mai kula da wurin, ya tuna wa baƙi tuɓe takalmi da sutura, ya kuma hana ɗaukar hoton mai salla. Muhawara ba tasa ba ce.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1498, da safe ake samunta da aiki. A bar baƙo ya tsaya ya ga tsomi ɗaya cikakke: ƙyalle na fitowa daga ruwan baba da toka da katsi yana kore-kore, iska na dukansa yana komawa shuɗi, a sake mayarwa. Ramuka da dama sun bushe, ba a ɓoye wannan. A daidaita da marina kan ihsanin hoto kafin a ɗaga waya, domin rigimar da ake yi a nan kusan duk daga wannan take tasowa.

Kasuwar Kurmi a bar ta ƙarshe, saboda wanda ya sayi tabarma da jakar fata ba zai hau dutse da su ba. Layukanta matsattsu ne, ayarin da ya wuce mutum biyar ko shida sai an raba shi, kowane kashi da ɗan gari, a kuma sa wurin haɗuwa guda. In mai rakiya na karɓar la'ada a wata rumfa, ya faɗa wa baƙonsa tun kafin a fara tayi.