Dalilin Tsinkewar Koko da Gwajin Sitaci da Aidin

Duk wadda ta taɓa bai wa yaro koko ta san cewa idan aka yi ta mayar da cokali daga bakinsa zuwa cikin kofi, ba a jimawa kokon mai kauri zai tsinke ya koma ruwa-ruwa. Da wannan nake fara wa ɗalibaina bayani kafin mu shiga ɗakin gwaje-gwaje, domin abin da ya faru a kofin shi ne za su gani a kwalbar gwaji.

Sitacin gero, masara ko rogo doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukarin gulukos da suka kama juna. Wani kaso nasa, mai suna amilos, a nannaɗe yake kamar wayar da aka naɗa a jikin sanda, kuma idan aka ɗiga masa ruwan aidin sai aidin ya shige cikin ramin naɗin, launi ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma shuɗi mai duhu kamar zanen da aka tsamo daga marina. Tun a 1814 aka lura da wannan canjin launi, shekara uku bayan Bernard Courtois ya gano aidin a tokar ciyawar teku a Faransa.

Muna zuba dafaffen ruwan sitaci a kwalabe biyu, ɗaya mu sa mata ɗanyen yawu, ɗaya kuma yawun da aka tafasa, sannan mu tsoma su a ruwa mai ɗumin digiri 37, wato ɗumin jikin mutum. Kowane minti ɗaya ɗalibi zai ɗebi ɗigo ya haɗa da aidin a kan farin faranti. A kwalbar farko ɗigon yakan fara da shuɗi, ya dawo ja-ja, a ƙarshe aidin ya tsaya a launinsa na asali, saboda sinadarin amiles na cikin yawu ya daddatse sarƙar har babu sauran ramin da aidin zai shiga. Ta biyun kuwa ba ta barin shuɗinta, domin tafasa ta lalata siffar amiles ɗin. Ina baƙin ciki idan na ga an tsallake wannan kwalba don gaggawa, alhali ita ce hujjar cewa ba ɗumin ruwan ne ya yi aikin ba.

Inda ɗalibai suka fi yin kuskure shi ne su rubuta cewa aidin ya nuna sukari. Aidin bai shaida komai ba illa ƙarewar sitaci. Sai an zuba ruwan Benedict, wato sinadarin gwada sukari mai launin shuɗi, an ɗumama, ya rikiɗe zuwa kore, rawaya, har ja irin na jan bulo, sannan za a ce sukari ya samu. Masu dama kunun zaƙi ma irin wannan aiki suke yi idan suka zuba niƙaƙƙen dankalin Hausa a cikin ƙullun da aka dama, domin shi ma yana ɗauke da nasa amiles da ke sassauta kaurin ya fito da zaƙi.