Haruffa Masu Kaurin Ƙafa a Allon Shagon Ɗinki

A bara wani tela ya ba ni aikin zana allon shagonsa, kuma sharaɗinsa ɗaya ne tak, wato mai wucewa a kan babur ya iya karanta rubutun ba tare da ya rage gudu ba. Na zaɓi salon rubutu mai suna Rockwell Extra Bold, wanda yake cikin dangin haruffan da Turawa ke kira slab serif. Abin da ya bambanta wannan dangi shi ne ƙafar da ke ƙarshen kowane harafi. Ta salon Times New Roman siririya ce, amma wannan mai kusurwa huɗu ce, kaurinta ya kusa kai na jikin harafin, har sai ka ga kamar an girke shi a kan bulo. A Landan wani maƙerin haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, ya fara fitar da irinsu wajajen 1815 domin fastocin talla, shi kuwa Rockwell kamfanin Monotype ne ya fitar da shi a 1934.

Da na buɗe manhajar zane ta CorelDRAW na rubuta ƊINKI da manyan baƙaƙe, sai na tarar babu Ɗ a cikin wannan salo, kamar yadda babu Ƙ da Ɓ. Mai shagon ya ce a bar shi da D kawai tunda kowa zai gane, amma raina bai kwanta da haka ba. Na mayar da D zane, na ƙera masa lanƙwasa da hannu a saman hagu. A allon kwamfuta ta yi kyau, sai dai da na buga gwaji a takarda, na manna a bango, na ja da baya kamar taku ashirin, lanƙwasar ta ɓace ɗungurungum, domin na yi ta siririya a gefen harafi mai jiki. Sai da na auna kaurin ƙafar harafin, na ba lanƙwasar daidai wannan kauri, na kuma datse bakinta a miƙe kamar sauran ƙafafun, sannan ta zauna kamar da ita aka ƙera shi.

Tazara ma ta ba ni wahala. Ƙafafun I da N da K sun kusa haɗewa, daga nesa suka zama kamar katanga guda, dole na buɗa tsakaninsu kaɗan kaɗan da ido.

Lambar waya kuwa da farko a salon na rubuta ta, kuma kuskure ne, saboda idan rubutun ya ƙanƙance ramukan 6 da 8 da 9 suna toshewa har su yi kama da juna. Na mayar da ita salon Arial, na bar wa Rockwell kalmomi uku kawai na sama, farare a kan shuɗi mai duhu. Ranar da aka kafa allon na tsallaka titi na tsaya, kuma daga can ina ganin lanƙwasar Ɗ sarai.