Tsohuwar Beetle ɗin da na saya

Da hantsin yau bakanike ya tayar da tsohuwar Volkswagen Beetle ɗin da na saya, wadda ta shekara da shekaru a ajiye a wani gida da ke Fagge. Ƙarar injin ta fito daga baya, inda yake a irin waɗannan motoci, kuma da yake iska ce ke sanyaya shi, babu lagireton da za a ce ya ruɓe. Sai ya shafa ƙofar da tsatsa ta fara ci, ya ce: "Alhaji, mu je Ƙofar Ruwa neman kaya, in kankare ta, in yi mata sabon fenti."

Na yi shiru, domin a wannan koɗaɗɗen shuɗin fenti akwai wurin da gwiwar hannun mai ita na farko ta goge har ƙarfe ya bayyana. Irinta aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, kuma masu sheƙi ba su taɓa burge ni kamar wannan ba. Birki da ƙasan da ya huje dole ne a gyara su, amma fentin nan har yanzu raina bai yarda a taɓa shi ba.