Jirgin da bai fito a allon iPad ba

Duk wanda ke tuƙa ƙaramin jirgi a Florida ya san yadda sararin manyan filayen jirage yake. Kamar laima yake: siriri daga ƙasa, yana faɗi yana hawa sama, kuma ba ka shiga cikinsa sai jami'in da ke kula da zirga-zirgar jirage ya ba ka izini da bakinsa. Mu masu ƙaramin jirgi Cessna 172 na haya, yawancinmu ba ma son wahalar neman izinin nan, sai mu sunkuya mu bi ta ƙarƙashi. Inda nake bi, gindin laimar yana ƙafa 3,000. To kowa ya san haka, shi ya sa kowa yake ƙafa 2,500, mai zuwa gabas da mai zuwa yamma, kowa na bin babbar hanyar mota ɗaya ko gefen tafki ɗaya. Dokar da ta raba wa masu gabas da masu yamma tsayi ba ta fara aiki sai an wuce ƙafa 3,000 daga ƙasa. A ƙarƙashin laima kuwa, kowa tasa ta fisshe shi.

Ni ina ganin na fi su dabara. Nakan hau 2,800 don in bar musu cunkoson 2,500, ga kuma na'urar karɓar ADS-B (saƙon da jirage ke watsawa na inda suke) da na saya da kuɗina, tana zana min jiragen da ke kewaye a allon iPad, kowane da tsayinsa da inda ya dosa. Tun 1 ga Janairun 2020 hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka ta wajabta wa jiragen da ke shawagi cikin mil 30 na irin waɗannan filaye su riƙa sanar da inda suke ta ADS-B. A lissafina, duk abin da ke tashi a wurin nan dole ya fito a allona.

Ranar da abin ya faru ƙanena ne a kujerar dama, ya zo hutu daga Kano. Gari garau, babu gajimare. Allo ya nuna jirage biyu, ɗaya mil huɗu a bayanmu, ɗaya can ƙasa yana shirin sauka, kuma duk na san da su. Sai kawai ya dafa min hannu ya ce, "Yaya, wancan rawayan fa, ka gan shi?"

Ban gan shi ba. Sai da na karkata kai na leƙa ta bayan ƙarfen gefen gilashi, ga shi nan, ƙaramin jirgi Piper Cub rawaya, gaba da mu ta hannun dama, kusan tsayi ɗaya, har ina iya rarrabe tayoyinsa. Na ja sitiyari na tura wa inji mai har ƙarshe. Ya wuce ta ƙarƙashinmu. Ko ya gan mu, Allah masani. Da na dubi ma'aunin tsayi ya haura 3,100, wato na kutsa cikin laimar babu izini. Na sauko nan take, hannuna na rawa. Na dubi allo: jirage biyun nan dai, babu na uku.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, mai Cub ɗin bai karya doka ko ɗaya ba. Jirgin da aka ƙera tun asali ba tare da wutar lantarki daga inji ba, kamar tsofaffin J-3 Cub na shekarun 1940, doka ta ɗauke masa ADS-B da na'urar da ke amsa wa rada, muddin bai shiga cikin laimar ba. Haka ma balan-balan da jirage marasa inji. Rediyo ma ba dole ba ne a gare shi a wurin. Kuma tunda ta hannun dama ya fito min, shi ke da hanya, ni ne ya kamata in kauce. An koya mana wannan togaciyar a aji, layi ɗaya ce cikin littafi, aka wuce. Mai sayar da na'ura kuwa ba zai taɓa ɗaga maka zancenta ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ido bai kama shi ba. Jirgin da zai yi taho-mu-gama da kai ba ya motsi a gilashi. Yana nan wuri ɗaya, ɗan ɗigo, sai a sakannin ƙarshe ya kumbura ya cika maka fuska. Idon ɗan Adam motsi yake kamawa, kuma idan ɗigon ya dace da bayan ƙarfen gilashi, a nan zai zauna har ku haɗu. FAA ta ƙiyasta cewa daga ganin abu, zuwa gane jirgi ne, zuwa yanke shawara, zuwa jirginka ya amsa, ana buƙatar sakan 12.5. Ina gudun mil 110 na ruwa a awa, shi yana wajen 65. In da gaba da gaba muke, tazarar mil guda za ta ƙare cikin kamar sakan 20. Kallon allo sau biyu ya cinye su.

Da muka sauka, hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta ba ni lambar waya in kira, abin da kowane matuƙi ke tsoro. Na faɗa musu yadda aka yi. Doka ta yarda matuƙi ya saɓa ƙa'ida gwargwadon abin da zai tsirar da rai, kuma mutumin da na yi magana da shi bai tsananta ba. Duk da haka a daren na cike rahoton da matuƙa ke aika wa hukumar NASA idan irin haka ta faru, wanda ake so a aika cikin kwana 10. Tambaya ɗaya mutumin hasumiyar ya yi min da ta tsaya min a wuya: me ya sa ban kira su tun farko na nemi su riƙa bibiyata a rada ba?

Gaskiyarsa. Kyauta ne, kira ɗaya ne, in dai aiki bai yi musu yawa ba. Ban da tabbacin radarsu za ta kama Cub marar na'ura, amma takan nuna ɗigo ko da babu tsayi, su ce maka ga wani abu can ta hannun dama. Kuma da na riga ina magana da su, da hawan da na yi bai zo musu ba zato ba. Tsaurin da suke yi a kan laimar nan yana da tushe. A Agustan 1986, a Cerritos kusa da Los Angeles, wani Piper ya shiga irin wannan sarari ba izini, na'urarsa ba ta bayyana tsayi, ya yi karo da jirgin fasinja DC-9 na kamfanin Aeroméxico, mutum 82 suka mutu har da na cikin gidaje. Bayan nan ne aka fara kawo dokar mil 30 ɗin, ta na'urar bayyana tsayi, tun kafin zuwan ADS-B. Kafin shi, a San Diego a 1978, matuƙan Boeing 727 sun ce sun ga Cessna 172 da aka nuna musu, daga baya ya ɓace musu ba su fito fili sun faɗa ba, rayuka 144 suka salwanta. Shi ya sa yanzu ba na cewa na ga jirgi sai na tabbata shi ne, in ya ɓace min kuma in faɗa nan take, ko da zan zama abin dariya a rediyo.

Dabarar 2,800 na watsar da ita, don ƙafa 200 ba wurin kaucewa ba ne. Yanzu izinin ratsa laimar nake nema kai tsaye, a ciki kowa yana magana da mutum ɗaya kuma kowa yana fitowa a rada. In aka hana ni, in bar ƙafa 500 a samana, in matsa gefe daga babbar hanya, in kunna duk fitilun jirgi da rana tsaka. Sararin sama kuma yanki-yanki nake duba shi, digiri 10, in tsaya sakan guda, in matsa, ina karkata kai ta bayan ƙarafan nan. Kafin in juya sai na ɗaga fiffike na leƙa, don fiffiken Cessna a sama yake, yana rufe maka daidai gefen da za ka juya.

iPad ɗin yana nan, na dai cire shi daga kusa da gilashi na mayar da shi kan cinya. Fasinja kuma, ko yaro ne, kafin in tayar da inji sai na ce masa duk abin da ya gani a sama ya faɗa, ko da ungulu ce, kada ya ɗauka na riga na gani. Ƙanena ya ce ya jima yana kallon rawayan nan, nauyin katse ni yake ji, wai ya ga kamar ina cikin aiki.