Neman tallafin bincike daga Samaru

Shekara biyu ke nan ina digiri na biyu a fannin noma a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sai da kuɗin gwajin ƙasa suka cinye ɗan abin da na tara, sannan na fara neman tallafi da gaske.

Da fari na ɗauka TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na kowa ne. Wani malaminmu ya yi murmushi ya ce, "Malama, wannan na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ke nemi wata ƙofar." Asusun dai an kafa shi da dokar 2011, daga harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a lokacin. Ɗalibi yakan amfana ne idan mai duba aikinsa ya samu kuɗin bincike ya jawo shi ciki. Shi ya sa yanzu ba na wasa da gaishe-gaishe a sashe.

PTDF kuwa, wani asusun gwamnati da ke ba da tallafin karatu, ta fi karkata ga harkar man fetur, babu ruwanta da dawar da nake bincike a kai. Sai na koma kan DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, da tallafin Commonwealth na Birtaniya.

Bara na zauna a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, hunturu na busawa, leɓena duk sun tsage, na rubuta tsarin binciken nan har sau huɗu. Ranar rufewa ta zo, wasiƙar shaida ɗaya ba ta iso ba. Laifina ne, saura kwana uku na roƙa. Bana tun wata biyu kafin lokaci na kai takardata, har da kwafin sakamakona a ambulan.